Taɗin Zaure: Kawu Bai Ga Kansa A Cikin Komik Ba

 

Abin da ya jawo taɗin wannan wata ƙullin gyaɗa ne. Ranar wata kasuwa ina hanyar komawa gida sai na tsaya wajen wata tsohuwa na sayi soyayyar gyaɗa, ta ƙunsa mini a takarda kamar yadda aka saba. Sai da na cinye, har na dunƙule takardar zan yar, sannan idona ya faɗa a kan zanen da ke jikinta: soja ne da hular kwano yana rarrafe a ƙarƙashin waya mai ƙaya. Nan take gabana ya faɗi, na juya da baya.

Na ce, "Inna, ina sauran littafin da kika yago wannan?"

Ta ce, "Wane littafi kuma, Malam? Tarkace ne jikana ya kwaso mini daga kayan wani marigayi, ga su nan a ƙarƙashin tire."

Guda goma sha ɗaya ne. Huɗu sun riga sun bi masu gyaɗa, bakwai suna nan da ransu. Na biya ta, na kuma yi mata alkawarin tsofaffin jaridu da za su ishe ta ƙunshi har bayan salla. Tana ta kallona, na tabbata a ranta tana cewa boko ya taɓa kan bawan Allahn nan.

To, tun da asiri ya tonu a tsakiyar kasuwa, bari in faɗa da bakina. Fiye da shekara arba'in ke nan ina tara littattafan zane na yaƙi, waɗanda muke kira komik muna yara, yanzu haka akwai kusan ɗari biyu a cikin adakata. Uwargida ta daɗe da haƙura da ni.

Saboda yaranmu na yanzu da suka buɗe ido suka ga waya a hannu, ya kamata in yi bayani. Ƙananan littattafai ne da za su shiga aljihun riga, shafi sittin da huɗu, bango mai launi, ciki kuwa baƙi da fari. Kowanne labari ɗaya ne cikakke, yawanci na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila. Daga Birtaniya ake bugo su. Wanda ya buɗe fage shi ne War Picture Library, da aka fara a London a 1958, ya yi ta fitowa har 1984, ya haura lamba dubu biyu. Air Ace Picture Library, na yaƙin jiragen sama, ya biyo baya a 1960, sai Battle Picture Library a 1961. A wannan shekara ta 1961 kuma kamfanin D.C. Thomson na garin Dundee a Sikotlan ya fito da Commando, wanda ya binne sauran duka, domin har yau ana buga shi, kuma tun 2017 ya wuce lamba dubu biyar. Editansa na farko, Charles Checkley, shi kansa tsohon soja ne. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne da yawa daga cikin masu zanen ba Ingilishi ba ne, mutanen Sifen ne da Italiya da Ajantina. Hugo Pratt na Italiya, wanda daga baya sunansa ya cika Turai, ya yi wa War Picture Library zane.

Mu dai a Bawku ba mu taɓa ganin sabo ba. Kafin littafi ya iso mana ya ratsa Ankara da Kumasi da Tamale, a jakar ɗan sakandare da ya zo hutu, ko a aljihun yaron lori da ya kai albasa kudu ya dawo da goro. In ya shigo unguwa sai ya zaga gida-gida har bango ya rabu da shi. Ana musaya, ana haya da 'yan pesuwa, ana kuma dambe a kansa. Malamai suna ƙwacewa, mu kuwa muna zargin gida suke kaiwa su karanta. Gaskiya guda ita ce, da yawanmu a nan muka fara karanta Turanci don daɗi, ba don tsoron bulala ba. Akwai kuma African Film na kamfanin Drum, mai hotunan Lance Spearman, wanda ya yi tashe daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970. Shi ne baƙin mutum na farko da muka gani a takarda yana naushi ana faɗuwa. Amma shi ɗan sandan ciki ne mai kwat da hula, ba soja ba.

Wata rana, ina ɗan shekara goma sha biyu, sai na samu wani da labarinsa ya faru a dajin Bama. Murna ta kama ni, domin kowa a unguwa ya san kawuna ya yi yaƙin Bama, ko da yake ba ya zancen. Gadi yake yi da dare, da rana kuma yana zaune a zaure. Na durƙusa na miƙa masa. Bai iya karatun boko ba, amma ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ƙarshe.

Ya ce, "Dajin dai shi ne. Gorar nan haka take. To, ina mu?"

Na ce, "Kawu, ku wa?"

Ya ce, "Mu mana. Wa ya ɗauko wa Baturen nan akwatin harsashi? Wa ya sare masa hanyar da yake tafiya a kai?" Ya yi shiru, sannan ya ɗora yatsa a kan wani soja da aka harbe, ya ce, "Nan kuma an yi ƙarya, ɗana. A nan mutum faɗuwa kawai yake yi. A can kuwa uwarsa yake kira har gari ya waye."

Ya miƙo mini littafina, bai ƙara cewa komai ba, ni ma yarinta ba ta bar ni na sake tambaya ba. Allah ya yi masa rasuwa a 1983, shekarar yunwa da gobarar daji. Allah ya jiƙansa da rahama.

Sai da na girma na gane nauyin tambayarsa. A cikin duk littattafan da ke adakata akwai Ingilishi, akwai mutanen Ostareliya, akwai Gurka na Nepal jefi-jefi, akwai Jamusawa da Jafanawa da aka zana don a harbe su. Babu ko ɗaya da sojan Afirka ta Yamma yake jarumin labari. Alhali kuwa ga abin da tarihi ya tabbatar.

Sojan ƙasar nan da Hausa ya tashi. Tun 1879 Turawa suka kafa rundunar da suka kira ta Hausawa a Gold Coast, wadda ta zama Gold Coast Regiment a 1901. Yawancin mazajenta daga arewa aka ɗebo su, kuma ko wane yare mutum yake yi a gida, in ya shiga bariki Hausa zai yi, har hafsoshin Turawa sukan koye ta. A watan Agusta na 1914, lokacin da Yendi ke hannun Jamus, sojan wannan runduna mai suna Alhaji Grunshi ne aka shaida ya fara harba bindiga a duk sojojin da ke ƙarƙashin tutar Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, a kan hanyarsu ta kama tashar waya ta Jamusawa da ke Kamina a Togo. Barikin Kamina na Tamale daga nan ya samo suna.

A yaƙi na biyu kimanin mutum 65,000 suka shiga soja daga Gold Coast. An fara kai su Gabashin Afirka, suka kara da Italiya a El Wak a watan Disamba na 1940, da Uaddara a ƙasar Habasha a 1941. Daga nan sai Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a 1943 da mutanen Gold Coast da Nijeriya da Saliyo da Gambiya, ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota. Da adda da gatari suka sare hanyar jif ta kimanin mil 75 a cikin duwatsu. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake sako musu da lema, sannan dubban masu dako, waɗanda su ma sojoji ne, su ɗauka a ka su bi daji da shi, ga ruwan sama, ga matsattsaku, ga zazzaɓi da atuni. Runduna ta 82 ta biyo baya, kuma a watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka kori Jafanawa daga garin Myohaung. Duk wanda ya taɓa jin Burma Camp ko filin wasa na El Wak a Ankara, ko barikin Uaddara a Kumasi, ko na Myohaung a Takoradi, to, sunayen wuraren da iyayenmu suka zubar da jini yake ji.

Da suka dawo ba su tarar da abin da aka yi musu alkawari ba. Albashinsu da kuɗin sallamarsu ba su kai na Bature ba, aiki kuma babu. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai kuka ga Gwamna a fadarsa ta Osu, aka tare su a mararraba, aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana daga cikin abubuwan da suka gaggauta samun mulkin kai a 1957. Jama'a, wane labari ne a cikin adakata ya kai wannan? Amma mai zane a Dundee yaran Ingila yake yi wa aiki, ubanninsu yake zana musu. Wanda bai zana nasa uban ba, wa zai zarga?

A nan ne nake jin kunya. Na adana yaƙin mutanen da ban sani ba har ɗari biyu, amma littafin sallamar kawuna, mai ɗauke da lambarsa ta soja da bataliyarsa da wuraren da ya je, gara ta cinye shi a cikin rufin ɗaki ban ko sani ba. Abin da ya rage mini lambar yabo ce guda ɗaya, Tauraron Bama, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Ba suna a jikinta, domin yawancin lambobin da Ingila ta raba na wannan yaƙi haka suke. Ranar da na kau, in ba a rubuta ba, ƙarfe ne kawai.

Kwanan baya wani ɗana ya buɗe mini shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, inda kowa zai iya neman suna kyauta. Lambar sojan Gold Coast da haruffan GC take farawa. Turawa ba su damu da sunan uba ba, sai su rubuta sunan mutum su liƙa masa ƙabilarsa ko garinsu. Saboda haka sai ka ga Frafra, Grunshi, Dagarti, Moshi, Busanga, Kanjarga, Dagomba, Kusasi, Mamprusi, Fulani, Hausa, suna biye da juna. Wasu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, inda aka kuma rubuta sunayen mutum kusan 27,000 da ba a ga gawarsu ba. Na daɗe ina kallon jerin nan. Mutanen da suka ci a kwano ɗaya, suka kwana a rami ɗaya, suka yi wa juna kashedi da Hausa in abokin gaba ya matso.

Ba sai na faɗa wa mutumin Bawku abin da ya sa wannan ya taɓa ni ba. Mun ga 2001, mun ga 2007 da 2008, daga ƙarshen 2021 kuma wuta ta sake tashi, aka yi ta sabunta dokar hana fita, kasuwa ta yi sanyi, malamai da ma'aikatan asibiti da yawa suka nemi canjin gari. Mutanen Yendi da Salaga kuma ba su manta da 1994 ba, shekarar da aka ƙone ɗaruruwan ƙauyuka. Wannan fili ba ya shiga shari'ar sarauta, mu baƙi ne masu cin arziki a inuwar kowa, fatanmu dai a zauna lafiya. Abin da zan ce kawai shi ne, mu da muke yara da bakinmu muke kwaikwayon ƙarar bindiga, muna dariya. Jikokinmu kuwa suna iya bambanta ƙarar wannan bindiga da waccan daga cikin ɗaki, kuma ba a littafi suka koya ba. Da na ba jikana ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, ya karanta ya dawo mini da shi ya ce, "Kaka, su ba a rufe musu makaranta?" Tambayar kawu ce ta dawo mini ta bakin yaro.

To, shin a ƙone su ke nan? A'a. Zane ne na gwanaye, kuma shaida ne na yadda aka koya wa yaran rabin duniya kallon yaƙi. A ajiye su, a karanta su tare da yara, amma a riƙa tsayawa ana tambaya: wa aka bari a baya, kuma me aka ɓoye? Ga mai sha'awa, ga kaɗan daga abin da shekaru suka koya mini.

Da farko a duba farashin da ke bango. In an ga 1/-, wato sule ɗaya, an buga shi kafin Fabrairu 1971, lokacin da Ingila ta canza lissafin kuɗinta. In an ga lamba da harafin p, bayan nan ne. Sai a duba lambar fitowa, domin ƙaramar lamba ita ce tsohuwa. A sani kuma kamfanonin nan sun sha sake buga tsohon labari da sabuwar lamba, wani lokaci da sabon bango, don haka tsufan labari daban, tsufan takarda daban. Kada kuma wani ya ruɗe ku da zancen dukiya. Gaskiya ne Commando na farko, in yana da tsabta, masu tarawa a Ingila suna biyan ɗaruruwan fam a kansa, amma irin namu da suka sha hannu da man gyaɗa kuɗinsu kaɗan ne. A wurin Bature, sunan da aka rubuta a bango aibi ne mai rage daraja. A wurina kuwa shi ne darajar: akwai guda ɗaya da ke ɗauke da sunayen yara shida na unguwarmu, kowa ya soke na gabansa ya rubuta nasa, uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wajen ajiya, takardar mai arha ce irin ta jarida, da kanta take yin ja tana karyewa. Maƙiyanta gara da ɓera da kyankyaso da rana da laima. A sa su a adakar ƙarfe, a ɗora ta a kan benci ko duwatsu, nesa da bango. Da damina a riƙa buɗewa ana shan iska a inuwa don gudun fumfuna. Da hunturu kuma a juya shafi a hankali, domin lokacin ne takarda ke tsagewa. Kada a liƙe yaga da salatif, gaminsa yana cin takarda ya bar tabo. Kada a kai a manne da leda mai zafi, domin abin da aka manne ba ya ɓantaruwa. In ƙarfen ɗinki ya yi tsatsa, a cire shi da lalama a ɗinke da zare. A samu ɗan littafi a rubuta suna da lamba da inda aka samo kowanne.

Duk wannan kulawa kuwa, takardun iyayenmu sun fi cancanta da ita. Wani mai karatu daga Salaga ya taɓa rubuto mini cewa hoton mahaifinsa da kakin soja da littafin sallamarsa sun tafi tare da ɗakinsu na ƙauye a 1994, yanzu 'ya'yansa ba su san kamannin kakansu ba. A wancan lokaci babu dabara, yau kuwa akwai. Duk mai littafin sallama, ko hoto, ko lambar yabo, ko wasiƙar da aka aiko daga Indiya ko Bama, da boko ko da ajami, ya ɗauki hotonsa da waya, gaba da baya, ya tura wa ɗan'uwa a Kumasi ko Ankara, don in wuta ko ruwa ya ci na gida a samu na waje. Mazajen da suka je yaƙin kusan duk sun tafi, amma akwai 'ya'yansu, akwai ma tsofaffin mata da suka ji abin da ake faɗa cikin dare. A zauna da su a naɗi muryarsu tun ana ganin juna. Wanda hanya ta kai shi Kumasi kuma ya leƙa gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Turawa, ya kai yaransa su ga makaman da aka ƙwato daga Italiya da Jafan.

Wasu sun fara biyan bashin nan. John Hamilton, wanda ya yi hafsa a Runduna ta 81, ya wallafa tarihinta mai suna War Bush a 2001. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya rubuta ƙagaggen labari mai suna Burma Boy a 2007. Saura namu, da harshenmu, da zanenmu. Ina ganin samarin da ke zana allunan shaguna da jikin motoci a Bawku da Yendi, hannunsu bai gaza na kowa ba. Shafi sittin da huɗu ne kawai. In aka samu mai zane, ni zan kawo abin da na tsinta na labari, adakata kuma a buɗe take ga mai son ganin yadda magabata suka tsara nasu. Sharaɗi ɗaya zan kafa: a zana masu dako da kayansu a ka, kuma wanda aka harba kada a ce faɗuwa kawai ya yi.

Mai wani abu na tsohon soja a gidansu ya rubuto ta ofishin edita, ya faɗi sunan da aka rubuta masa a soja da lambarsa in an sani. In wasiƙu sun taru za mu ba su fili na musamman.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Bawku da arewa da Ghana baki ɗaya lafiya, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.